Ina Zauren Ɗaliban Jami'a? Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya na Shekara-Shekara

 

An nemi in yi magana a kan ilimi. Ilimi kuwa kogi ne, saboda haka zan tsaya a mashigi ɗaya: inda 'ya'yanmu na jami'a suke zama su yi karatu idan suna gida, da kuma waɗanda suke zama tare da su.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona. A cikin watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da ba ta janye ba sai Disamba. A 2022 aka sake yin wani, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A lokacin annobar wasu jami'o'i suka mai da darasi ta intanet, kuma tun daga nan abin bai koma yadda yake ba. Yau ɗalibi yakan ji wani darasin a aji, wani kuma ya same shi a waya, a turo masa takardu ta WhatsApp, ya yi aikin da aka ba shi a gida. Ke nan gidajenmu sun zama wani sashe na jami'a, alhali ba mu shirya su don haka ba.

Ku da ke zaune a birni kun fi ni sanin gidan haya. Ɗaki biyu ne da falo, talabijin na yi, ƙanne na guje-guje, wutar lantarki ta zo ta ɗauke. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, tayar da janareta don yaro ya yi caji ya zama abin da sai an yi lissafi. Ita kuwa 'ya mace, muddin an gan ta a gida, ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai raino. Malami na can yana bayani a waya, ana nan ana ƙwala mata kira daga kicin.

Amma wanda ya fi damuna shi ne ɗan mai hali, wanda aka ba ɗakinsa shi kaɗai, da tebur da kwamfuta, uba ya ce ya sauke nauyi. Yaron nan zai rufe ƙofa tun safe, ba abokin da zai tambaya idan ya kasa gane wani abu, ba wanda zai yi musu da shi, ba wanda zai ce masa tashi mu je mu ci abinci. A hankali sai ka ga ya mai da dare rana, ya rage fita sallar jam'i, magana ma sai an matsa masa. Mu kuma sai mu ce lalaci ne, ko girman kai ne na 'yan boko. Sau da yawa kaɗaici ne ke cinsa, shi kuwa ɗanmu, da kunyar da muka koya masa, ba zai taɓa buɗe baki ya ce wa mahaifinsa kewa ta dame shi ba.

Magabatanmu ba su san karatun mutum ɗaya ba. Almajirai kewaye wuta suke yi da dare, kowa da allonsa, muryar wannan na ƙarfafa wancan. A makarantar zaure, ɗalibi ɗaya ke biya littafinsa gaban malam, sauran suna saurare suna ƙaruwa kafin layi ya zo kansu. Shi kansa zauren nan hikima ce ta gini: yana cikin gida, amma hayaniyar gida ba ta kai masa, kuma ƙofarsa a buɗe take ga maƙwabci. Da muka koma birni, shi muka fara yarwa.

Masu karatu daga nesa na zamani ma ba su yarda a bar ɗalibi shi kaɗai ba. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, takardu take ba malamai su karanta a gida, amma a ƙarshen mako sai sun haɗu a wata makaranta sun tattauna. Malaman firamare da yawa na zamaninmu ta nan suka sami takardar NCE. Jami'ar NOUN ma, wadda aka gina kacokan don karatu daga gida, tana da cibiyoyin karatu a jihohi.

Saboda haka ga roƙona. Kowane reshe na wannan ƙungiya ya rubuta sunayen ɗalibanmu da ke birninsa, domin da yawansu unguwa ɗaya suke amma ba su san juna ba. Wanda Allah Ya hore wa ɗakin baƙi da ke zaune a rufe, ya buɗe musu shi ko da sau biyu a mako. A nan gida kuma, mu nemi izinin hukumar ilimi a ba mu aji ɗaya a firamarenmu bayan an tashi, mu sa masa sola da bencina da wurin caji. 'Yan mata a ware musu lokacinsu tsakanin azahar da la'asar, tare da malama da za ta zauna da su, don hankalin iyaye ya kwanta. Ku kuma iyaye mata, ina roƙonku sa'a biyu kacal a yini da ba za a aiki mai karatu ba.

Ina fatan ma'aji zai sa kuɗin solar nan cikin kasafin bana kafin mu watse.