Mu Riƙe Ɗumin Da Muka Saya: Rage Kuɗin Itace Lokacin Sanyi

Jawabin da ma'aikaciyarmu ta sashen raya karkara ta yi bayan sujada a wasu ikilisiyoyin ƙauyukan Filato.

 

Na ga yadda muka shigo majami'a da safen nan, kowa a ƙudundune. Mu da Allah ya zaunar a kan tudu, daga Jos zuwa Mangu, Bokkos da Pankshin, ba a ba mu labarin hunturu. Jos tana da tsayin wajen mita 1,200 daga bakin teku, shi ya sa daren Disamba da Janairu ke shiga har ƙashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau, itace da gawayi suka bi shi. A wasu wuraren kuma shiga daji neman itace ya zama kasada ga matanmu. Ga hidimar Kirsimati, ga kuɗin makaranta a Janairu, duk a kan aljihu ɗaya.

Ku tuna da labarin da ke cikin Ayyukan Manzanni sura 27 da 28. Jirgin da ya ɗauko Manzo Bulus ya fashe, mutum 276 suka fita a tsibirin Malta ana ruwa ana sanyi. Mutanen wurin suka hura musu wuta, Bulus da kansa ya tashi ya tattaro ƙirare. In manzo bai raina zancen itace ba, mu ma kada mu raina shi. Maganata a yau guda ɗaya ce: yawancin ɗumin da muke saya da kuɗinmu gudu yake yi. Kafin mu ƙara sayen dami, mu fara tare wanda ke gudu.

Na farko, ɗakin kwana. Kakanninmu da ke kwana a ɗakin ƙasa mai jinka ba su sha sanyi kamar mu ba, domin ƙasa da ciyawa suna riƙe ɗumi. Kwano kuwa da rana ta faɗi sai ya huce. Wanda ba shi da silin, ya ɗaura zana ko tsohuwar tabarma a ƙarƙashin kwanon. A yaɓe tsagar bango da laka, a tura tsumma a ƙasan ƙofa, a rufe ɗaki tun kafin almuru. Daɓen siminti yana tsotse ɗumin jiki, don haka a shimfiɗa kwali ko busasshiyar ciyawa kafin tabarma. Riguna biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri riƙe ɗumi. Yara da tsofaffi su kwana da hula da safa.

Na biyu, itacen kansa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In kin sa shi a wuta, sai wutar ta gama ƙone ruwan kafin ta kula da tukunyarki, ke kuma ki sha hayaƙi. A faskara shi ƙanana, a jera a kan duwatsu inda iska ke ratsawa, tun ruwa na ɗaukewa. Totuwar masara da kara su ma makamashi ne. Amma leda da taya, kada a kusantar da su wuta. Hayaƙinsu guba ne.

Na uku, murhu. A murhun duwatsu uku, in kin sa itace goma, da ƙyar zafin biyu ke shiga abinci, sauran iskar hunturu ta kwashe. Maganinsa yana bayan gidanki. Ki kwaɓa yumɓu da yashi da yankakkiyar ciyawa, ki gina wa murhun bango ya kewaye gindin tukunya, ki bar baki ɗaya na sa itace da 'yar hanyar fitar hayaƙi. Ki bari ya bushe kafin ki hura. Ba sai kin sayi komai ba, kuma yaro ba zai faɗa wuta da sauƙi ba.

Tukunya kuma a rufe ta. Wake a jiƙa shi tun dare. In ya tafasa sosai kamar minti 20, ki sauke tukunyar a rufe, ki sa ta cikin kwandon da aka cika da tsummoki ko busasshiyar ciyawa, ki lulluɓe. Bayan awa uku ko huɗu za ki tarar ya nuna ba tare da ƙarin itace ba. Ruwan wanka a ajiye shi a baƙar jarka cikin rana, a yi wa yara wanka da yamma maimakon asuba. In an gama tuwo, a ɗora ruwa a kan sauran garwashin, a zuba a kwalba mai murfi, a naɗe da tsumma, a sa a shimfiɗar Kaka.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku da kyau. A labarin Malta, daga cikin ƙiraren nan ne maciji ya fito. Wutar da ke ɗumama mu tana da nata macijin. Na ce a toshe kafofi, amma wannan na ɗakin da babu wuta a ciki ne. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska da ba ta da launi, ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Janareto ma haka yake. Ina yarinya, wata dare mai tsananin sanyi mahaifiyata ta shigo mana da kaskon wuta ta rufe ƙofa. Kukan ƙanena ne ya ta da ita. Ta tashi kanta na sarawa, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta, da rarrafe ta kai ga ƙofa. Ba don alherin Allah ba, da ba na tsaye a gabanku. Saboda haka a zaɓi ɗaya: ko wuta da taga a buɗe da babba a farke, ko ɗaki a rufe babu wuta. In kuka ga mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai, jiri ko amai, ku fitar da su waje nan take, ku kai su asibiti. Kada a tsaya neman wanda ya yi musu sammu.

Hayaƙi kuma yana buɗe wa ciwon haƙarƙari ƙofa. Yaro mai tari, in numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya tsakanin wata biyu da shekara ɗaya, ko 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar, ko ƙirjinsa na lotsawa, asibiti za a kai shi a ranar.

Na ƙarshe, mutanen Malta ba su tambayi baƙin nan daga ina suke ba kafin su hura musu wuta. A cikinmu akwai gwauraye, marayu, tsofaffi da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Ina roƙon dattawa su amince, ranar Lahadi mai zuwa kowane gida ya zo da itace ko da guda biyu ne, a tara a bayan majami'a a raba musu. Matasa, ranar Asabar ku zagaya ku yaɓe musu bango. Iyayena mata, duk wadda ta koyi ginin murhu ta koya wa maƙwabciyarta, ko 'yar ikilisiya ce ko ba ita ba. In damina ta sauka kuma, kowane gida ya dasa itatuwa a gefen gona, mu riƙa saran reshe muna barin uwar.

Ubangiji ya kiyaye mu da 'ya'yanmu, ya fid da mu sanyin nan lafiya. Amin.