Littafin Sarauniya da abin da masu karatu suka ce

  Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Damargu, na Tanut da na Belbeji, maza da mata.

Hirarmu ta yau a kan wani littafi take, mai suna Sarauniya. Abdoulaye Mamani ne ya rubuta shi da Faransanci, aka buga shi a birnin Paris a shekarar 1980. Marubucin ɗan ƙasarmu ne. An haife shi a Gudumariya a 1932, ya yi zama a Damagaram, ya rasu a 1993. A 1986 Med Hondo ya mai da labarin silima, silimar kuma ta ci babbar kyauta ta FESPACO a Wagadugu a 1987.

Ga abin da littafin ya ƙunsa a taƙaice. A Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi, akwai wata mace mai sarautar Azna, ana ce mata Sarauniya Mangu. Sojan Nasara suka taso daga yamma suna ƙona garuruwa. Sarakuna da yawa suka ba su hanya, ita ta ƙi. Marubucin ya nuna ta jaruma, ta iya baka da kibiya, ta san itatuwan magani, tana da asiri mai ban tsoro. Ya sa har da zancen soyayya tsakaninta da wani jarumi nata.

A ajinmu mun riƙa karanta wasu wurare na littafin, ina mai da su Hausa. Da muka ƙare sai gardama ta tashi, masu karatu suka kasu kashi uku.

Kashi na farko suka ce duk abin da ke ciki gaskiya ne. Wani saurayi ya ce: "Malam, ai a rubuce yake. Da ƙarya ne da ba a buga shi ba." Kashi na biyu suka ce littafin na tsafi ne, bai kamata Musulmi ya saurare shi ba. Har wani magidanci ya ce in irin wannan ake karantawa, zai hana matarsa zuwa aji. Kashi na uku, yawancinsu mata, suka ce su dai sun ji daɗi, domin ba su taɓa jin littafin da mace ta ja yaƙi ba. Wata daga cikinsu ta ce zancen soyayyar ne bai kwanta mata ba. Ta yi tambaya: wa ya ji abin da Sarauniya ta faɗa wa masoyinta cikin ɗaki?

Jama'a, tambayar baiwar Allahn nan ita ce mabuɗin zancen. Ba wanda ya ji. Marubucin ne ya tsara maganar da kansa. Littattafai iri biyu ne. Akwai littafin tarihi, wanda mai shi yake neman shaida a kan kowace magana. Akwai ƙagaggen labari, wanda mai shi yake da izinin ƙarawa da ragewa domin labari ya yi armashi. Littafin Sarauniya na biyun ne, amma a kan tarihi aka gina shi. Kamar ɗaki ne: harsashinsa dutse, adonsa na magini.

To mu tsince su, kamar yadda uwargida take tsince tsakuwa daga cikin hatsi.

Ga abin da tarihi ya tabbatar. A 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin kaftin Voulet da kaftin Chanoine ta ratso ƙasarmu, za su tafkin Cadi. Sun yi ɓarna mai yawa a hanya. A watan Afrilu suka faɗa wa Lugu. Mutanen Sarauniya suka tare su da kibau, da wuta ta yi yawa suka shige daji, aka ƙona garin. A watan Mayu suka kashe mutane masu ɗimbin yawa a Birnin Ƙonni. Labarin ɓarnar ya kai Faransa, aka turo kanar Klobb ya tsai da su. Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli kusa da Dankori. Cikin kwana uku sojansu na kansu suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi, ƙasar Tasawa. Sauran rundunar suka ci Damagaram a ƙarshen Yuli, bayan yaƙin Tirmini, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Har yau sarautar Sarauniya tana nan a Lugu.

Ga kuma abin da yake adon marubuci: hirarrakin da ya sa a bakin mutane, da soyayyar, da yadda ya nuna tsoron asirin Sarauniya na bin sojan yana ɗauke musu hankali. Mutanen ƙasa sun daɗe suna faɗin cewa asirinta ne ya halaka Nasaran nan biyu. Tarihi ya ce sojansu ne suka juya musu, bayan sun kashe babbansu sun yi wa ƙasarsu tawaye.

Saboda haka, ɗan'uwana na kashin farko, rubutu ba ya mai da magana gaskiya. Alƙalami a hannun mutum yake. Wannan darasi ya wuce zancen littafi. Gobe wani zai kawo maka takardar gona, ko ta bashi, ko saƙo a cikin tarho, ya ce ai a rubuce yake. Amfanin karatunka shi ne ka tambaya: wa ya rubuta? Don me ya rubuta? Ina shaidarsa?

Kai kuma maigida, Allah ya ba ka haƙuri, ka saurare ni. Jin labarin abu daban, yarda da shi daban. Tun muna yara kakanninmu suke yi mana tatsuniyar Gizo da Dodo, ba wanda ya bar salla saboda haka. Azna suna da al'adunsu, littafin ya ba da labarinsu yadda marubucin ya gan su. In ka hana matarka aji, abin da ka hana ta shi ne karanta takardar likita, da lissafin kuɗin awakinta, da duba littafin ɗanta na lakkol. Kada a ƙi tuwo saboda tsakuwa ɗaya.

Akwai wata kalma da ya kamata mu kula da ita. Nasara sun kira Sarauniya mayya. Mutanenta kuwa shugabarsu suka ɗauke ta, mai riƙe musu al'ada. Kun ga yadda abokin gaba yake laƙa wa mutum suna. Haka yake faruwa a ƙauyukanmu. Yaro ya yi zazzaɓi, maimakon a kai shi asibiti sai a ce tsohuwa wance ce ta kama kurwarsa. Tsohuwa ta shiga uku, yaro kuma ciwonsa ya yi tsanani. Mai karatu ya kamata ya zama na farkon cewa a kawo shaida.

Abu na ƙarshe ya shafi Damargu. A waccan shekara ta 1899, wata rundunar Faransa, ta Foureau da Lamy, ta sauko daga Agadas ta ratsa Damargu, ta isa Damagaram a farkon Nuwamba. Ta nan ayarin raƙuma suke bi tsakanin Kano da Agadas. Ashe mu ma muna da labari. Lugu ta samu marubuci, duniya ta san ta. Wa zai rubuta namu?

Ga aikin wannan mako. Kowane ɗalibi ya je wurin wani dattijo ko wata dattijuwa, ya roƙi labari ɗaya na zamanin da. Ya rubuta layi biyar. A ƙasa ya sa sunan garin, da wanda ya ba dattijon labarin. In akwai zancen asiri a ciki, a rubuta shi yadda aka faɗa, a fara da "an ce". Ku kai wa malaminku, a karanta a aji, a tattauna.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.