Jawabi a kan wutar da ta keta sama a Kwangila

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku saurara. Wani dare na hunturu, bayan lisha, ina tsaye a Kwangila ina jiran mota, sai wani haske kore ya taso daga gabas, ya keta sama yana zubar da tartsatsi, har na ga inuwata a ƙasa. Ya rabu uku, ya mutu. Sai da muka gama salati sannan muka ji rugugi kamar cida, alhali babu hadari.

Wani mai shayi ya ce, lalle wani babba zai rasu. Wani almajiri da ya baro mahaifinsa kwance a gida ya fashe da kuka. Saboda kukan yaron nan nake wannan magana.

Ku sani wannan zance na Jahiliyya ne. Imamu Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa tauraro ya faɗi Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, yana zaune da sahabbai, suka ce da can suna ɗaukarsa alamar haihuwar babba ko mutuwarsa, sai ya kore musu wannan zato.

Amma zatinsa, dutse ne, ba tauraro ba. Yana shigowa iskar duniya da gudun wajen mil 7 ko fiye a sakan ɗaya, sai iskar ta matsu a gabansa ta yi zafi, ya kama ci. Rugugin yana makara ne domin haske ya fi sauti sauri. Galibi ƙonewa yake ƙurmus, wani kuwa yakan iso ƙasa.

Ga shaida a maƙwabtanmu. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani ya faɗo a gona a Zagami, ƙasar Katsina, kusa da manomi yana korar tsuntsaye. Nauyinsa wajen kilo 18. Masana suka tarar da iska kulle a cikinsa irin ta duniyar Mirriku, wadda Turawa ke kira Mas, suka tabbatar daga can ya fito. A 1971 wani ya faɗo a Kabo, ƙasar Kano.

Manomin Zagami ya tsira da ransa. Shi kuwa almajirin, na zauna da shi a bencin mai shayi har ya yi shiru, sannan na raka shi makarantarsu.

Wassalamu.