Yini guda bisa keke cikin ruwan damana

(Jawabin da mushen lakkwal ɗinmu ya yi a taron ƙungiya)

 

Shugaban ƙungiya ya ce in ba ku labarin yawon da munka yi bisa keke, mu uku malaman lakkwal, cikin hutun watan takwas na 2023, daga Maraɗi zuwa Damagaram. Yini guda kawai zan ɗauko daga ciki. Dalili kuwa, samarinmu da ke bida a birni da yawa bisa keke suke dawowa gida noma, kuma akwai magana da nake so iyaye su ji game da su.

Daga Maraɗi zuwa Tasawa kimanin kilomita 120 ne bisa kwalta, ta Cadawa, Agye da Gazawa. Mun tashi bayan sallar asuba. Da damana iska daga kudu maso yamma take busowa, saboda haka mai tafiya gabas tana tura shi daga baya. Da hantsi mun wuce Cadawa, kafin azahar muna Agye. Amma hadari shi daga gabas yake tasowa, wato mai zuwa Damagaram gaba da gaba yake haɗuwa da shi.

Bayan azahar, tsakanin Agye da Gazawa, iska ta tsaya cik, zafi ya taso, gabas ta yi baƙi ƙirin da jan ƙura a ƙarƙashi. Nan munka fara ƙirga, yadda nake koya ma yara a aji. Ƙara tana tafiyar mita 340 cikin sakan guda. In ka ga walƙiya, ƙirga har ka ji tsawa: kowane sakan 3 kilomita guda ne. Da farko mun ƙirga 20, can 12. Ba mu jira na uku ba, munka karkata zuwa ƙauyen da ke gefen hanya.

Ɗaya daga cikinmu ya so mu fake gindin wani babban gawo. Munka hana shi. Itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili shi aradu ke faɗa ma, kuma kun fi ni sanin gawo ba shi da ganye da damana, ko ruwan ma ba ya tarewa. Wasu samari na cewa robar taya tana kare mutum daga aradu. Ba gaskiya ba ne. Abin da ya keto sama tun daga gajimare, ƴar robar keke ba ta tsai da shi.

Wani dattijo ya buɗe mana zaure, ya sa anka kawo fura, bai tambaye mu ko ƴan ina ne ba sai da munka sha. Iska ta kwashe rufin wata rumfa muna kallo, sannan ruwa ya sauko, awa guda da rabi.

To, jama'a, bayan ruwa ya ɗauke ne wahala ta fara. Bisa kwalta ruwa ya rufe ramu, ba ka sanin zurfinsu sai taya ta faɗa. Birki da ya jiƙe ba ya kamawa nan take. Sai ka riƙa taɓa shi kaɗan-kaɗan tun da nisa ya share ruwan. In kamiyo ya taho, sauka gefe ka ba shi hanya, don ruwan da yake watsowa na rufe ido. Taya ta yi mana faci sau biyu. Ƙaya ta fi shiga jiƙaƙƙiyar roba, kuma gam ba ya kama robar ciki sai ta bushe sarai. Wanda ya sa busasshen tsumma da ashana cikin leda, a ranar ya san amfaninsu.

Bayan Gazawa munka bar kwalta don mu kwana ƙauyen wani abokin aikinmu. Nan na ga abin da ya faranta mani rai. Jigawar da keke ke nutsewa cikinta da rani, in ta sha ruwa sai ta daskare, ka bi ta kamar daɓe. Gero ya kai ƙirji dama da hagu, ƙasa na ƙamshi, kwaɗi na ta kuka. Duk tafiyar ban ji daɗin wuri kamar nan ba. Da munka gangara fadama sai labari ya sake. Laka ta cushe tsakanin taya da ƙarfe har ƙafa ta daina juyawa. Mu da munka hau keke, sai ga keke ya hau mu, muna saɓe da shi a kafaɗa, takalma a hannu.

Gab da magariba munka iske ƙorama ta kawo. Ƙauyen da za mu ga shi can, muna jin dakan mata. Munka kafa kara bakin ruwa, munka jira minti 15, ruwa ya haye karan. Wato yana ƙaruwa, ko da yake sama ta washe, don ruwan da anka yi can nesa ne yake isowa. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa yana kada ƙato, balle mai ɗauke da keke da kaya. Munka juya, munka kwana a wata ruga, cikin sangen da munka ƙunso. Da safe ƙoramar ba ta wuce idon sawu ba.

Ga maganar da ta kawo ni, iyayena. Yaro in ya aiko cewa ran kaza zai iso, ya kan ji kunyar kwana a hanya. Yana tsoron a ce rago ne, ko a ce ya tsaya wasa alhali gona na jiran shi. Wannan kunya ce ke tura shi cikin ƙorama da duhu. Ba ku manta da damanar 2024 ba, da ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 cikin ƙasarmu, jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni, har anka ɗage buɗe lakkwal zuwa 28 ga watan goma. Ina roƙon kowane uba, da bakinshi, ya gaya ma ɗanshi tun kafin ya taso: in ka iske ruwa ya kawo, kwana inda kake, ba wanda zai zarge ka.

Roƙo na biyu ga ƙungiya. Muna da ƴan gari da ke zaune Cadawa, Agye da Gazawa. Wanda ya yarda a sauka gidanshi, ya ba magatakarda sunanshi da lambar wayarshi yau kafin a watse, a buga cikin takarda ta gaba, a raba ma samari kafin ruwan fari.