Lamba ta Uku: Gyaran Kurakurai da Toshe Kafofin Tsaro a Harshen Python

Shirin faɗakarwa na yau zai duba wani aiki da ba a cika jin labarinsa ba, duk da cewa manhajoji da yawa da jama'a ke amfani da su kullum sun dogara a kansa, wato aikin gyara kurakurai da toshe kafofin tsaro a cikin harshen rubuta manhajar kwamfuta, kuma harshen Python ne za a ɗauka a yi nazari a kansa.

Harshen rubuta manhaja tsari ne na kalmomi da ƙa'idoji wanda mutum ke bi domin ya rubuta wa kwamfuta umarni, sai dai kwamfuta ba ta gane wannan rubutu kai tsaye, sai an sami wata manhaja a tsakani, wadda a harshe irin Python ke karanta umarnin tana aiwatar da shi, ita ce ake kira tafinta. Wannan manhajar tafinta ita ma mutane ne suka rubuta ta, don haka ba ta rasa kuskure, kuma duk kuskuren da ke cikinta yakan bi kowace manhaja da aka gina a kanta, ko da wanda ya gina ta gwani ne da bai yi sakaci ko kaɗan ba. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, shi ne ya fara fitar da Python a shekarar 1991 lokacin da yake aiki a wata cibiyar binciken lissafi da kimiyyar kwamfuta a birnin Amsterdam, amma a yau gidauniyar Python Software Foundation, wadda aka kafa a 2001, ita ke riƙe da haƙƙin mallakarsa, kuma yawancin masu kula da shi 'yan sa-kai ne da ke zaune a ƙasashe daban-daban.

Kowace sigar Python tana ɗauke da lambobi uku, kamar a ce 3.10.7, kuma kowace lamba da abin da take nufi. Ta farko tana nuna babban zubin harshen, ta biyu tana canjawa sau ɗaya a shekara, a watan Oktoba, lokacin da ake fitar da siga mai sababbin dabaru, ta uku kuwa ita ce ta kulawa, wadda ke ƙaruwa duk lokacin da aka tattara gyare-gyare aka fitar ba tare da an ƙara wani sabon abu ba. Alkawarin da ke bayan lamba ta uku shi ne cewa manhajar da ta yi aiki jiya za ta yi aiki yau bayan an sabunta, illa dai kurakuran da aka kawar, kuma a kan wannan alkawari ne masu kula da kwamfutocin bankuna da asibitoci da makarantu ke amincewa su sabunta ba tare da fargaba ba.

An ba kowace siga shekara biyar na kulawa. A kashin farko, wanda a da wata goma sha takwas ne kafin a mayar da shi shekara biyu daga siga ta 3.13, ana fitar da gyara kusan duk bayan wata biyu, kuma ana karɓar kowane irin kuskure, tun daga wanda ke sa tafintar ta tsaya cak har zuwa wanda ke sa ta riƙa cin ma'adanar kwamfuta a hankali ba ta saki. A sauran shekarun kuwa, ba a taɓa komai sai abin da ya shafi tsaro, kuma ba a fitar da gyaran sai buƙata ta taso. Kowace siga tana da mutum guda da aka ɗora wa alhakin fitar da ita, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba, kamar yadda Łukasz Langa ya riƙe 3.8 da 3.9, Pablo Galindo Salgado ya riƙe 3.10 da 3.11.

Kuskure na yau da kullum a fili ake kai rahotonsa, a dandalin GitHub inda asalin rubutun harshen yake, kowa ya gani, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Idan aka rubuta gyara, akan fara sanya shi a reshen da ake gina siga mai zuwa, tare da ɗan gwaji da zai kama kuskuren idan ya sake dawowa, sannan a kwafo shi zuwa tsofaffin sigogin da ba su gama wa'adinsu ba. Matsalar tsaro kuwa ta wata hanya take bi, domin kuskure ne da mai mugun nufi zai iya amfani da shi ya shiga inda ba a ba shi izini ba, ko ya ɗebi bayanai, ko ya hana kwamfuta aiki, kuma bayyana shi kafin a shirya maganinsa tamkar nuna wa masu kutse hanya ne. Saboda haka a asirce ake aika rahoton ga wani ƙaramin kwamitin tsaro, a yi aikin gyaran cikin sirri, sannan a sanar da matsalar da maganinta a lokaci guda, tare da lambar shaida daga kundin da ake kira CVE, wanda cibiyar MITRE ta Amurka ke kula da shi tun 1999 domin kowace kafa da aka gano ta sami suna guda da duniya za ta san ta da shi.

Lamarin da ya fi nuna wahalar wannan aiki shi ne wanda ke ɗauke da lamba CVE-2020-10735. A harsuna da yawa, adadi yana da iyakar girman da ba zai wuce ba, galibi abin da bai haura alƙaluma ashirin ba, amma Python bai sanya wannan iyaka ba, yana karɓar adadi komai tsawonsa muddin ma'adanar kwamfuta za ta ɗauka, kuma wannan na daga cikin abubuwan da suka sa masana lissafi ke ƙaunarsa. Sai dai kwamfuta ba da alƙaluman goma da mutane suka saba da su take ajiye adadi ba, da sifiri da ɗaya take ajiye shi, don haka duk lokacin da wani ya rubuta adadi a fom ɗin intanet, dole a juya rubutun zuwa tsarin da kwamfuta ke lissafi da shi. Hanyar da Python ke bi wajen wannan juyi tana da wata ɗabi'a, wato idan tsawon adadin ya ninka sau biyu aikin yakan ninka sau huɗu, idan ya ninka sau goma aikin ya ninka sau ɗari. Bayanin da aka rubuta a kundin CVE ya ba da misali cewa adadi mai alƙaluma 100,000 zai iya ɗaukar kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, mai alƙaluma 1,000,000 kuwa ya ɗauki daƙiƙa biyar.

Daƙiƙa biyar ba wani abu ba ne ga mutumin da ke zaune gaban kwamfutarsa, amma ga babbar kwamfutar da ke amsa buƙatun dubban mutane, wadda aka tsara ta gama kowace buƙata cikin ƙiftawar ido, babbar masifa ce. Mai kutse ba ya buƙatar kalmar sirri, ba ya buƙatar satar komai, abin da zai yi kawai shi ne ya riƙa aiko da dogayen jerin alƙaluma a inda ake tambayar shekaru ko yawan kaya, kamar mutumin da ya zo injin niƙa da buhunan tsakuwa, ba gari yake so ba, burinsa injin ya shagala da nasa har masu hatsi su gaji su koma gida. Wannan shi ake kira harin hana hidima, kuma abin da ya sa wannan nau'in ya fi tayar da hankali shi ne arharsa, domin ɗan saƙon da bai kai nauyin hoto ɗaya ba ya isa ya riƙe kwamfuta na tsawon daƙiƙoƙi.

A watan Satumba na 2022 aka fitar da maganin a sigogi huɗu, wato 3.10.7 da 3.9.14 da 3.8.14 da 3.7.14, kuma maganin shi ne iyaka. Daga lokacin, idan aka nemi Python ya juya rubutu zuwa adadi, ko adadi zuwa rubutu, kuma alƙaluman suka wuce 4300, sai ya ƙi, ya ba da saƙon kuskure. Lissafin kansa ba a taɓa shi ba, haka ma juyi zuwa tsarin biyu ko na goma sha shida, domin waɗannan ba su da wannan nauyi, kuma an bar wa mai buƙata hanyar ɗaga iyakar ko cire ta gaba ɗaya da umarni guda.

Duk da haka an yi ta ƙorafi, kuma masu ƙorafin suna da hujja. Ɗalibin da ya ninka 1 da 2 da 3 har zuwa 2000 zai sami adadi mai alƙaluma 5736, wanda kafin sabuntawar yakan bayyana a fuskar kwamfuta nan take, bayan sabuntawar kuwa lissafin yana kammaluwa amma nuna amsar ya gagara, alhali abin da ya canja lamba ta uku ce kawai, wadda aka ce ba ta karya abin da ke aiki. Wasu sun ƙara da cewa an yanke shawarar a ɓoye ba tare da an ji ta bakin masu amfani da manyan adadi ba, wanda gaskiya ne, kuma shi ne farashin sirrin da tsaro ke buƙata. Amma idan aka auna, hukuncin da masu kula da harshen suka yanke ya fi kusa da daidai, domin masanin lissafin da iyakar ta tare shi yana ganin saƙo a gabansa yana gaya masa abin da zai yi, ya gyara cikin minti ɗaya, shi kuwa mai kula da shafin asibiti bai ma san akwai kafar ba, kuma da an bar kariyar a kashe sai wanda ya nema, da mafi yawan waɗanda ke cikin haɗarin ba za su taɓa kunna ta ba. Daga baya, a siga ta 3.12, an ƙara hanyar juyi mai sauri ga manyan adadi, amma ba a cire iyakar ba.

Akwai wani lamari da aka bi ta ɗaya hanyar, wato aka fifita kada a karya abin da ke aiki a kan kariya, kuma sakamakonsa abin lura ne. Tun 2007 aka gano cewa sashen Python da ke kwance ƙunshin fayiloli na tar zai iya barin ƙunshin da aka shirya da mugunta ya rubuta fayil a wajen inda aka ce a zuba shi, har ya danne wani muhimmin fayil na kwamfutar. A lokacin an ga cewa canja halin sashen zai lalata manhajojin da suka dogara da shi, sai aka wadatu da gargaɗi a littafin jagora. Gargaɗin ya zauna shekara goma sha biyar, har a 2022 masu bincike na kamfanin Trellix suka ƙiyasta cewa ayyukan manhaja sama da 350,000 na iya ɗauke da wannan rauni. Sai a 2023 aka samar da matatar da ke tace abin da ke cikin ƙunshin, aka kuma kai ta ga tsofaffin sigogi, amma mai rubuta manhaja ne zai kunna ta da kansa, kuma ba ta zama abin da ke aiki kai tsaye ba sai a siga ta 3.14.

Gyaran da aka fitar ba ya kare kowa sai an sanya shi, kuma a nan ne nauyin ke komawa kan matasan da ke rubuta manhaja da masu kula da kwamfutocin ma'aikatu. Abu na farko shi ne mutum ya san sigar da yake amfani da ita, wanda umarni ɗaya gajere ke nunawa, sannan ya duba ko wa'adinta ya cika, domin Python 2 ya daina samun kulawa tun farkon 2020, siga ta 3.7 ta kai ƙarshe a Yunin 2023, ta 3.8 kuma a Oktoban 2024, kuma duk kafar da aka gano a cikinsu bayan haka masu kula da harshen ba za su toshe ta ba. Ya kamata kuma a san cewa da zarar siga ta shiga shekarun tsaro zalla, asalin rubutun gyaran kawai ake fitarwa, ba a haɗa fayil ɗin girkawa na Windows ko macOS, don haka mai amfani da waɗannan na'urori da ya tsaya a tsohuwar siga yana iya zaton yana da kariya alhali gyaran bai iso gare shi ba, kuma mafita a gare shi ita ce ya koma sigar da ke cikin kashin farko na kulawa. Wanda Python ɗinsa ya zo tare da tsarin Linux, kamar Debian ko Ubuntu ko Red Hat, ta hannun masu wannan tsarin gyaran ke zuwa masa, kuma sau da yawa sukan shigar da maganin ba tare da lambar sigar ta canja ba, saboda haka sanarwarsu ce zai bibiya. Kafin a sanya sabuntawa a kwamfutar da jama'a ke dogara da ita, a karanta jerin canje-canjen da ke tare da ita, musamman sashen tsaro da akan sa a sama, a gwada manhajar a wata kwamfuta ta gefe, sannan a sanya ba tare da jinkiri ba, domin daga ranar da aka sanar da gyara, masu kutse ma sun karanta sanarwar, kuma sun san inda za su nema a kwamfutocin da ba a sabunta ba.