Mako Uku Da Shiga Kwaleji, Yaro Na Neman Sauya Fanni

 

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani dattijo manomi a ƙasar Funtuwa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce ya sayar da masara da waken suya ya kai ɗansa kwalejin horon malamai, inda aka ba shi gurbin karanta ilmin aikin gona. To yau mako uku ke nan da komawa, sai ga yaro ya bugo waya wai shi sauya fanni zai yi, domin abokai na yi masa dariya suna cewa ya baro gona ya zo karatun gona. Ban da wannan kuma ya shiga ƙungiyoyi har huɗu, kowace da kuɗinta, ga ƙwallo da yamma. Malam yana tambaya, shin ya bar shi ya sauya? Su kuma ƙungiyoyin nan, ba ɓata lokaci ba ne?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya raya mana zuriya. Ka yi daidai da ka yi tambaya tun yanzu, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Bari in fara bayyana maka yadda karatun yake tafiya. Takardar shaidar malanta ta NCE shekara 3 ake yi kafin a same ta, kowace shekara kuma an raba ta zango biyu. Zango ɗaya bai wuce kamar mako 15 na ɗaukar darasi ba, sai jarrabawa. Wato kamar damina ce, wanda ya yi sakaci da ruwan shuka ba ya cim ma makwabta. A makonnin farko ne ɗalibi ke yin rajistar darussan da zai ɗauka. Akwai na dole, kamar darussan sanin hanyar koyarwa da Turanci da na fanninsa, akwai kuma 'yan kaɗan na zaɓi. Kowane darasi da nauyinsa, kamar yadda tiya ta fi rabin tiya. Darasin da yaro bai yi rajistarsa ba, ko ya zauna jarrabawarsa, aikin banza ya yi.

Makin kuma ba ranar jarrabawa kaɗai ake samunsa ba. A kwalejojin ilmi, maki 40 cikin 100 daga gwaji da aikin gida na tsakiyar zango yake fitowa, 60 kuma daga babbar jarrabawa. Ƙa'ida kuma ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darasi kafin a bar shi ya zauna jarrabawar. Wanda ya faɗi wani darasi, sai ya sake ɗauko shi baɗi tare da sababbi. Ɗalibai na kiran wannan kariyoba, ni kuwa kwantai nake ce masa, 'yan kasuwa sun san ciwonsa. In kwantai ya yi yawa, karatun shekara 3 sai ya koma 4, masarar Malam ce kuma za ta biya.

Yanzu maganar sauya fanni. Ba haramun ba ne, ana yi. Amma ba da baki ake yi ba, kuma ba don an yi wa mutum dariya ba. Da farko sai an duba sakamakonsa na WAEC ko NECO, a ga ko yana da darussan da sabon fannin ke bukata. Sannan sai shugaban sashen da zai bari da na wanda zai koma sun sa hannu, in ma akwai gurbi. Bayan haka a tabbata an gyara a wajen hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ake kuma bi ta hannunta wajen shiga manyan makarantu, don kada takardar shiga ta ce abu kaza, takardar gamawa ta ce wani. Yaron da ya ɗauki littafi kawai ya koma zama a wani aji ba tare da wannan ba, ya zama jemage, ba ya tsuntsu ba ya dabba. Kuma kada ka ba kowa kuɗi a bayan fage wai zai gyara masa. Duk abin da za a biya, a biya ta hanyar makaranta, a karɓi rasit.

Shawarata, Malam, ka kira shi ku zauna, ko ka sa baffansa ya je ya gan shi. Ka tambaye shi abu ɗaya: karatun ne ya gagare ka, ko bakin mutane? In ya ce lissafi da ilmin sinadarai ne ba sa shiga kansa, to wannan magana ce, sai ya tafi wajen malamin da aka ɗora wa kula da 'yan ajinsu ya nemi shawara tun ba a rufe rajista ba. In kuwa dariya ce kawai, ka tuna masa cewa masu dariyar nan tuwon da suke ci daga gona ya fito. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda asalinta ke komawa 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ta fito mana da irin masara na SAMMAZ da wake na SAMPEA da gyaɗa ta SAMNUT da kuke shukawa. Masu karatun gona ne suka yi wannan aiki. Wanda ya gama NCE da sakamako mai kyau kuma yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji 2. Ɗan manomi da ya san kunya da kuyya tun yana yaro, ai ya riga 'yan ajinsu nisa.

Sai batun ƙungiyoyi. A nan kam ba zan ce a hana shi ba, domin ni kaina ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kwalejinmu ce ta koya mini tsayawa gaban jama'a, ga shi yau da ita nake cin abinci. Amma bari in tona asirin kaina. A zangona na farko, ranar da aka yi wani gwaji ina can wajen gwajin wasa, na shafa gari a gemu ina fitowa a matsayin tsoho. Maki 20 suka tafi, na faɗi darasin, na ɗauki kwantai. Ranar da na gaya wa mahaifina, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, “Ashe akuyar da na sayar wasa ta je kallo.” Har yau maganar nan ba ta bar ni ba.

Saboda haka taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Ya zaɓi ɗaya ko biyu. Ƙungiyar 'yan sashensu tana da amfani, a nan zai haɗu da na gaba da shi su nuna masa hanya. Ƙungiyar ɗaliban jiharsu ko ƙaramar hukumarsu nan ake jin labarin tallafin karatu. Akwai kuma na addini, kamar ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS da aka kafa a Legas a 1954, Kirista ma suna da nasu. Ƙwallo da yamma lafiyar jiki ce, in dai ba a lokacin darasi ba. Takarar shugabancin ɗalibai kuwa ya dakata sai ya ga sakamakon shekarar farko. Wadda za ka ja masa kunne a kanta da ƙarfi ita ce duk ƙungiyar da ba ta da rajista da makaranta, mai taron dare da rantsuwa a ɓoye. Wannan kora ce, wani lokaci ma har da asarar rai.

Game da kuɗi, ku yi tsari. Ya rubuto maka abin da yake bukata dalla-dalla, ya turo hoton rasit da takardar rajistar darussansa ta waya, in ba ka karanta boko, malamin firamaren garinku ya duba maka. Ya kuma tambaya a ofishin kula da harkokin ɗalibai game da asusun ba da rancen karatu na NELFUND, wanda ya fara karɓar masu nema a 2024. Sai dai a sani bashi ne, ba kyauta ba, akwai ranar biya.

Iyaye masu saurarenmu, kada ku ce don ba ku yi boko ba, ba ku da ta cewa. Wanda ya san lokacin noman farko da na maimai, ya san abin da zai tambayi ɗansa: ka yi rajista? Yaushe ne gwaji? Darasi nawa ka rasa?

Malam, muna jiran ka sake rubuto mana yadda kuka ƙare. Allah Ya ba yaro nasara, Ya sa albarka a abin da aka kashe. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.