Ɗawainiyar Tsofaffi a Tebaram da Arewacin Adar: Wace Hanya Ce Ta Fi Sauƙi?

 

Gabatarwa

A Nijar, waɗanda suka kai shekara 65 ba su cika kashi 3 cikin 100 na al'umma ba, shi ya sa ba kasafai ake tunawa da su a kasafin kuɗi ba. Amma wanda ya shiga ƙauyukan Tebaram bayan girbi zai ga majiya ƙarfi sun tafi ci-rani Abijan, Legas, Kamaru ko Libiya, an bar gari ga mata da yara da tsofaffi. Akasarin tsofaffin nan manoma ne da makiyaya, ba sa karɓar fansho daga CNSS ko CARENI. 'Ya'yansu su ne fanshonsu. Wannan takarda za ta auna hanyoyi huɗu da iyali ke bi, da abin da kowace ke ci.

Hanya ta farko: jinya a gida

Ita ce al'adarmu, addini ma ita ya horar da mu. Sai dai muna ɗaukarta kyauta, domin ba a zaro ko dala daga aljihu. To, wa ke ɗebo ruwa, da daka, da dama fura, da wankin shimfiɗa, da tashi tsakar dare a juya mara lafiya? 'Ya ce, ko suruka, ko jika. Tun watan Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 42,000 ne a wata, wato 504,000 a shekara. Da wannan ma'auni ya kamata mu dubi aikin matar da ta ajiye sana'arta da gayaunarta don jinyar surukinta. In kuwa aka cire yarinya daga makaranta ta zauna da kaka, asarar ta wuce ta shekara guda, ta rayuwa ce.

Hanya ta biyu: ɗaukar mai aiki

An fi ganin wannan a birnin Tawa, a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa. Kuɗinta a fili yake: albashi, abinci, makwanci. Rauninta shi ne rashin horo, domin mai aikin ba lallai ta san alamomin shanyewar ɓarin jiki ba, ko yadda ake hana gyambon doguwar kwanciya. A ƙauye kuwa kunya ke hana ta, kada a ce wane ya kasa riƙe iyayensa.

Hanya ta uku: ɗauko tsoho zuwa birni

Ribarta kusanci da babban asibitin jiha na Tawa. Amma a birni ɗaki na haya ne, itace da ruwa na saye ne. Sannan tsohon ya rabu da gonarsa, da masallacinsa, da majalisar sa'o'insa. Da yawa ba a daɗewa sai su ce a mayar da su gida, sai kuɗin ya tafi, jinyar kuma ta katse.

Hanya ta huɗu: jira sai ciwo ya kayar

Nan ne babbar ɓarna take, kuma ita muka fi bi. Hawan jini, ciwon suga, yanar ido da toshewar fitsari duk ana iya gano su da wuri ta hanyar awo. Ranar da tsoho ya faɗi, sai a yi shatar mota daga Tebaram zuwa Tawa, wani lokaci har Galmi ko Yamai. A tafi da 'yan jinya, a ci da su, a sayi magani a kanti. A kira ɗan da ke Abijan ya ciwo bashi ya aiko ta kamfanin aika kuɗi na NITA ko Al Izza. A sayar da awaki a kasuwar gaggawa, a buɗe rumbu kafin lokaci, wani har gona ya jinginar. Gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi daga watan Satumban 2024, kuma wannan sauƙi ne na gaske. Amma ragin bai shafi kuɗin mota ba, bai shafi abincin 'yan jinya ba.

Abin da kwatancin ya nuna

Mafi sauƙi shi ne a bar tsoho a ɗakinsa, a riƙa kai shi cibiyar lafiya ta CSI awon jini da suga kowane wata, ya sha ƙwayoyinsa ba fashi. Kuɗin kaɗan ne, sananne ne, ana iya tanadinsa. Abin da shatar mota guda ke ci zai iya ɗaukar awo da magani na watanni.

Ta ɓangaren gwamnati kuwa, a 2006 Nijar ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. A shekarar ce Senegal ta kafa shirin jinya kyauta na Sésame don 'yan shekara 60 zuwa sama, amma jinkirin biyan asibitoci ya raunana shi. Ghana kuma ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin zubin inshorar lafiya. Darasin shi ne a tanadi kuɗi kafin a yi shela.

Shawarwari

1. 'Yan ci-rani su yanka wa iyayensu wani abu kowane wata, a damƙa shi hannun mai jinyar.
2. 'Yan'uwa su yi karɓa-karɓa, kada a cire yarinya daga makaranta.
3. Ƙaramar hukumar Tebaram da jami'an lafiya su keɓe ranar kasuwa don awon tsofaffi, su kuma horar da mata masu jinya.
4. Gwamnati ta sa maganin hawan jini da na suga na tsofaffi cikin rangwame, da kasafi tabbatacce.

Kammalawa

Kowannenmu yana da tsoho a gida. Kada watan nan ya ƙare ba mu kai shi awo ba, kuma mu tambayi mai jinyarsa abin da take bukata. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin iyayenmu.